Samo mai 50 Hz a wutar Saudiyya: me ke sa inbata yankewa?

Musa, Jumum

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman a duba min wani aiki. Gona ce a Wadi Faɗima, rijiyar burtsatse da samo (famfon da ake saukewa cikin ruwa) mai inci 6. Abin da ke rubuce a takardar moton: 15 kW, 400 V, 50 Hz, 32 A, juyi 2,870 a minti. An sauke shi mita 140, kebul ɗinsa daga akwatin wuta mita 170 ne, kauri 10 mm². Inbatar da ke sarrafa gudun moton ma 15 kW ce, 32 A. Wutar kamfani 60 Hz ce, tana wasa tsakanin 395 da 410 V.

Matsalolin huɗu ne. In an kai ta 60 Hz ba ta yin minti biyar sai ta yanke ta rubuta OL, wato lodi ya yi yawa. In an sauko 35 Hz moton yana juyawa amma ko ɗigo ba ya hawa tanki. Tsakanin azahar da la'asar tana yankewa da OH, wato zafi ya yi yawa, ko a 50 Hz take. Sannan jefi-jefi tana ba da OV, wato bolt ya yi yawa, in an kashe an sake kunnawa nan take. Mai gonar ya ce a canja inbatar. Kafin a kashe kuɗi ina son jin ta bakinku.

Malam Haruna, Makka

Wa alaikumus salam Musa. Kada a canja komai tukuna. Ta farko da ta biyu ba laifin inbata ba ne, saiti ne.

Ka fara da abin da ke cikin akwatin. Wutar da ta shigo ta bakunan shiga R, S, T tana bi ta dayod shida, su mayar da ita DC. Kafasito su tara ta su daidaita ta. A wutar 400 V za ka ga kamar 540 V in ana aiki, 565 V in babu lodi. Daga nan IGBT shida, taransistoci masu aikin makunni, su dinga buɗewa suna rufewa sau dubbai a daƙiƙa, suna yanka DC ɗin gunduwa-gunduwa, wata mai faɗi wata siririya, har amfiyar da ke ratsa kwayil ɗin moto ta fito da siffar AC. Kafasiton nan kamar randa suke: mai ɗiba da moɗa bai damu da yadda mai ga-ruwa ya zuba ba. Wato 60 Hz ɗin kamfanin wuta ta ƙare a bakin dayod. Abin da zai je wa moto sabon abu ne, kai ke faɗa wa inbata yadda za ta yi shi.

To moton naka an naɗa shi ne don 400 V a 50 Hz, bolt 8 ke nan ga kowace Hz. Wannan rabon shi ke riƙe ƙarfin maganaɗisu a cikin ƙarfen moto. A 25 Hz inbata za ta ba shi kusan 200 V, a 40 Hz 320 V. Da ka wuce 50 Hz ba ta da sauran bolt ɗin da za ta ƙara, domin ba ta iya fitar da fiye da abin da ya shigo mata. A 60 Hz rabon ya faɗo 6.7, maganaɗisu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, ƙarfin murɗawa ya ragu tare da shi. A daidai lokacin ne kuma famfo ke neman ƙari mai yawa.

Injiniya Bashir, Jidda

Bari in ɗora lissafin a kan maganar Malam. Famfo mai farfela yana bin ƙa'ida uku. Yawan ruwa yana tafiya daidai da gudu. Tsayin da yake iya tura ruwa yana tafiya da gudu sau gudu. Wutar da yake ci kuwa gudu sau gudu sau gudu. Daga 50 zuwa 60 ƙari ne na 1.2. To 1.2 × 1.2 × 1.2 = 1.73. Famfon da ke cin 14 kW a 50 Hz zai nemi sama da 24 kW a 60 Hz, daga moto mai 15 kW wanda aka riga aka rage wa maganaɗisu. OL ɗin da kake gani inbatar ce ke ceton moton. Da kai tsaye aka haɗa shi da wutar kamfani da tuni kwayil ya ƙone.

Ka shiga rukunin bayanan moto ka sa: bolt 400, mitar moto 50 Hz, amfiya 32, juyi 2,870, kilowat 15. Iyakar sama ma 50 Hz. Inbatoci da yawa da ake sayarwa a nan suna zuwa da 60 Hz a matsayin mitar moto tun daga masana'anta. In an bar ta haka, ko ka tsaya a 50 Hz bolt 333 kawai moton ke samu, sai ya ja amfiya ya yi zafi. Duba wannan kafin komai.

Musa, Jumum

Na duba, Injiniya. Mitar moto a 60 take. To batun 35 Hz fa?

Injiniya Bashir, Jidda

Turo min abu biyu: zurfin da ruwa ke tsayawa in famfo yana aiki tare da tsayin tanki, da kuma tsayin da famfon ke kaiwa in an toshe bakinsa, yana kan zanen da ke cikin takardarsa.

Musa, Jumum

Ruwa yana tsayawa a mita 75, bakin tanki mita 10 daga ƙasa. Zanen ya nuna mita 130 in babu ruwan da ke fita.

Injiniya Bashir, Jidda

To ga amsarka. Sai famfon ya ɗaga mita 85 kafin ɗigo ɗaya ya faɗa tanki. A 35 Hz gudunsa 0.7 ne na cikakke, 0.7 × 0.7 = 0.49, sau 130 ya ba ka mita 64. Ruwan yana tsaye a cikin bututu mita 21 ƙasa da inda ake so. Mitar da ruwa zai fara leƙowa ita ce 50 × √(85 ÷ 130), kusan 40.4 Hz. Ita ma leƙowa ce kawai. Sa iyakar ƙasa a 43 ko 44 Hz.

Kuma wannan ba maganar rashin ruwa kaɗai ba ce. Moton samo ba shi da fanka, ruwan da ke wuce jikinsa zuwa bakin famfo shi ke sanyaya shi. Masu ƙera irin wannan na inci 6 suna neman ruwan ya riƙa wucewa da gudun kamar mita 0.15 a daƙiƙa. In famfo yana juyawa ruwa ba ya tafiya, moton yana dafa kansa ne a cikin ruwan da ke tsaye. In kesin rijiyar ya fi moton faɗi sosai, ko kuma ruwa daga sama yake gangaro wa famfon, a sa masa riga ta bututu wadda za ta tilasta ruwa ya bi ta jikin moto.

Alhaji Ɗanjuma, Madina

Gaskiya ne. Kuma a nan ne nake da ja da masu cewa duk inda aka sa inbata kuɗin wuta zai ragu da rabi. Lissafin da suke kawowa shi ne in ka rage gudu zuwa kashi 80, wuta za ta koma kashi 51. Wannan ya yi daidai a fankar sanyaya gini, ko famfon da ke zagaya ruwa cikin bututu rufaffe. A rijiya irin ta Musa, inda mita 85 cikin aikin ɗagawa ne zalla, kashi 80 na gudu 40 Hz ne, wato ba ruwa sam. Wutar da za ka ci a kan kowace mita kubik ba ta raguwa da yawa, in ka matsa kusa da iyakar ƙasa ma ƙaruwa take yi. Amfanin inbata a nan daban ne: tashi a hankali ba tare da jan amfiya ninki shida ba, daidaita ɗiban ruwa da abin da rijiya ke iya bayarwa, kariya, da kuma wannan na tafiyar da moto mai 50 Hz a ƙasar 60 Hz. A gaya wa mai gona gaskiya tun farko.

Injiniya Maryam, Riyad

Alhaji, na yarda da ku a kan cika tanki. Amma in ruwan kai tsaye yake shiga bututun ban ruwa na ɗigo, ana buɗe ɓangare ana rufe ɓangare, akwai ragi na gaske, domin da bawul ake shaƙe famfon a da. Sai a sa sansar matsi mai 4 zuwa 20 mA a bar PID, saitin da ke ƙara ko rage gudu da kansa, ta riƙe matsin. Sansa mai 0 zuwa 10 bar, in ana son bar 4, za ta ba da 10.4 mA. Wayarta ta zama mai sulke, a nisanta ta da kebul ɗin moto kamar santimita 30, in dole su gitta su gitta a tsaye. Sannan a kunna saitin barci, in mita ta zauna a iyakar ƙasa na daƙiƙa 30 zuwa 60 inbata ta tsayar da famfo har sai matsi ya faɗi.

Alhaji Ɗanjuma, Madina

Haka ne Injiniya, a wannan ban da ta cewa. Na Musa dai tanki ne.

Sani, Ɗa'ifa

Game da OV, ni ina ganin rasistar birki za a sa. Duk inbatar da ke ba da OV wajen tsayawa wutar da moto ke mayarwa ce ta rasa inda za ta. Dayod ba sa barin ta koma layi, sai ta taru a kafasito har DC ta kai wajen 800 V inbata ta yanke. In akwai rasista, da DC ta kai kamar 760 zuwa 780 V sai taransistar birki ta buɗe a ƙone rarar. Ko kuma a tsawaita lokacin tsayawa zuwa daƙiƙa 30.

Malam Haruna, Makka

Sani, bayaninka na yadda OV ke faruwa daidai ne, amma maganin ba na wannan ciwon ba ne. Rasistar birki ta abin da ke da nauyin juyi ce ko mai saukar da kaya: babbar fanka, injin matse kaya mai juyawa, kuranga, lif. Samo siriri ne, ga ruwa ya danne shi. Da an janye masa wuta ba ya yin daƙiƙa biyu yana juyawa. Ina zai samo wutar da zai cika kafasito?

Ka sake karanta abin da Musa ya rubuta: in an kashe an sake kunnawa nan take. Wannan alamar bawul mai hana ruwa komawa ce ta lalace, ko yashi ya tokare ta. Famfo ya tsaya, ruwan da ke cike da bututu ya gangaro, ya juya farfela da baya da gudu. Ana cikin haka inbata ta zo tana son juya shi gaba. A wannan lokacin moton janareta ne, wuta yake turo mata. Wani lokaci OV za ta rubuta, wani lokaci OC, wato amfiya ta yi yawa. In ka sa rasista ka rufe wa inbata baki ne kawai, sandar famfo kuma tana shan murɗa ta fuska biyu har ranar da za ta karye.

Gwajin mai sauƙi ne. Musa, ka sa geji a bakin rijiya kafin bawul ɗin sama, ka rufe bawul ɗin, ka kashe famfo nan da nan. In allura ta faɗi ƙasa cikin 'yan daƙiƙu har kana jin iska na shiga, bawul ɗin ƙasa na yoyo. Kafin a ciro famfo a gyara, sa jinkirin sake tashi na minti 3 zuwa 5.

Tsawaita lokacin tsayawa kuwa, kada a yi wa samo.

Sani, Ɗa'ifa

Me ya sa, Malam? Ai tashi da tsayawa a hankali shi ne amfanin inbata.

Malam Haruna, Makka

Ga moton da ke sama mai boris na ƙwallo, haka ne. Moton samo a kan faifai yake zaune a can ƙasa, faifan ne ke ɗauke da duk nauyin da ruwa ke dannowa. Ba maiko ne ke raba faifan da takalmansa ba, siririn shimfiɗar ruwa ce, kuma ba ta samuwa sai gudu ya kai wani mataki. Ƙasa da 30 Hz goga suke yi da juna. Shi ya sa kamfanin ƙera moton samo na Franklin ke cewa a kai 30 Hz cikin daƙiƙa 1, na Grundfos kuma ba ta son a wuce daƙiƙa 3. Haka wajen sauka. Don haka gangare biyu ake saitawa: 0 zuwa 30 Hz da sauri, daga 30 zuwa sama a hankali, daƙiƙa 10 zuwa 20. Wajen tsayawa a sauko a hankali zuwa iyakar ƙasa don kada ruwa ya doki bututu, daga nan a sake shi ya tsaya da kansa. Kusan duk inbatar famfo tana da wurin wannan gangare na biyu.

Injiniya Maryam, Riyad

Ƙari kaɗan a kan OV. In an gyara bawul kuma aka ci gaba da ganinta ba tare da an taɓa komai ba, musamman da sassafe, a nemi akwatin kafasito na gyaran wuta a kan taransifoma ɗaya da gonar. Shigarsa layi tana kawo tsalle na ɗan lokaci wanda mita ba ta gani amma inbata na gani. Cok (kwayil mai tausasa wutar shiga) mai kashi 3 a gaban R, S, T yana maganinsa, kuma yana rage gurɓatar amfiyar da dayod shida ke jawowa daga kashi 80 ko fiye zuwa wajen 35 zuwa 40. Wutar 410 V ita kaɗai ba za ta kawo OV ba, ƙololuwarta 580 V ce.

Musa, Jumum

Allah ya saka da alheri. Saura zafin.

Injiniya Bashir, Jidda

Wannan kam mai gonar yana da rabin gaskiya. Inbatar ta yi ƙanƙanta, ko da yake lafiyarta ƙalau.

Ba da kilowat ake zaɓar inbata ba, da amfiya ne. Moton samo ya fi na sama cin amfiya a kilowat ɗaya saboda siririn jikinsa. Na sama mai 15 kW yana cin 28 zuwa 30 A, na samo 31 zuwa 34 A. Taka 32 A ce a kan moto 32 A, babu rara ko kaɗan. Kuma 32 ɗin nan alkawari ne a zafin digiri 40. Galibin littattafan inbata suna cewa a cire kashi 1 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 40, har zuwa 50. Yankin Makka da Jumum a watan Yuni zuwa Agusta inuwa ma tana haura 45. Akwatin ƙarfe rufaffe zai ƙara 5 zuwa 10 a kai. Inbatarka da azahar ba ta fi ta 29 A ba.

Lissafi: 32 A da rarar kashi 10 ya zama 35 A. Raba da 0.9 saboda zafi, 39 A. Mai 18.5 kW yawanci 38 A ce, ta gaza da kaɗan. Ɗauki mai 22 kW, 45 A. Sai dai ka tuna ka sa amfiyar moto 32 a saiti, in ba haka ba za ta ɗauka moto mai 45 A take karewa.

Sani, ku na Ɗa'ifa zafinku da sauƙi amma kuna da naku: sama da mita 1,000 ana cire kashi 1 a kowace mita 100 saboda iska ta yi shara-shara. Ɗa'ifa kamar kashi 8 ke nan, Abha wajen 12.

Alhaji Ɗanjuma, Madina

Ko an sa babba, in akwatin bai gyaru ba za a koma gidan jiya. Inbata tana zubar da kashi 2 zuwa 3 na wutar da ke ratsa ta a matsayin zafi. Wannan moton yana jan kusan 18 kW daga layi, wato wat 360 zuwa 540 ke tashi a cikin akwati. Iskar da ake buƙata, mita kubik a awa, ita ce 3.1 sau wat, a raba da digirin da ka yarda ciki ya fi waje. In digiri 5 ne: 3.1 × 540 ÷ 5, kusan 335. Ƙaramar fankar santimita 12 da ake liƙawa ba ta kai rabin haka in an sa mata matata. Iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, a bar aƙalla santimita 10 zuwa 20 sama da ƙasan inbata gwargwadon littafinta, a yi wa akwatin rumfa mai tazara kada rana ta taɓa ƙarfen. Fanka ba ta iya saukar da zafi ƙasa da na waje, don haka inda waje ke kai 48, ko na'urar sanyaya akwati, ko a fitar da haƙarƙarin alminiyon inbatar ta bayan akwati.

Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gaba a gonakin nan. A hure haƙarƙarin da busasshiyar iska duk wata, a riƙe farfelar fanka da yatsa kada iskar ta wulwula ta. Kafasiton DC duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Inbatar da ke mutuwa a shekara uku a nan, galibi su ne.

Injiniya Maryam, Riyad

Akwai abin da Musa bai tambaya ba, kuma shi ya fi damuna: kebul mita 170 babu matata a bakin fita.

IGBT yana tashi daga sifiri zuwa 560 V cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. A dogon kebul wannan bugun yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, in ya isa moto ya dawo ya hau kan na bayansa. A bakin moto ana iya samun ninki biyu na DC, sama da 1,100 V, sau dubbai a kowace daƙiƙa, kuma zagayen farko na kwayil ne ke shan mafi yawa. Inbata ba za ta nuna komai ba. Wata shida, shekara ɗaya, sai a wayi gari da laifin zubar wuta ƙasa, a ce moton ne ba shi da kyau. Moton samo da ake sake naɗawa, mai waya mai rufin PVC, shi ya fi saurin tafiya. Mai rufin PE2/PA ya fi juriya.

A wannan tsawon ni matatar sayin zan sa, wadda ke mayar da bolt ɗin santsi kamar na layi.

Injiniya Bashir, Jidda

Ban ƙi ba, amma a faɗa masa farashinta, ba na riyal kaɗai ba. Matatar sayin tana cin bolt, kashi 5 har zuwa 10 a cikakken lodi. Kebul ɗinsa na 10 mm² tagulla yana da kamar 1.83 ohm a kilomita, a mita 170 da 32 A yana zubar da kusan 15 V, kashi 3.7. Ita kanta inbata tana rage kaɗan. In wuta ta shigo 395, abin da zai isa moto a 50 Hz zai iya zama 350. Amfiya za ta haura 32, OL ta dawo. Matatar dv/dt ba ta cin bolt haka, kuma da yawa an yi su don kebul har mita 150 zuwa 300.

Injiniya Maryam, Riyad

Matatar dv/dt tana rage kaifin bugun, ba ta kawar da shi. Ga moton da aka yi don inbata ta wadatar. Ga moton da ba a san irin wayarsa ba, a ƙasan rijiya inda ciro shi sai an kira kuranga, ni ba zan yi caca ba. Batun bolt kuma yana da mafita: a tsayar da iyakar sama a 47 ko 48 Hz. A 48 Hz moton 384 V yake so, kuma lodinsa ya sauka zuwa kashi 88. Ruwan da za a rasa kaɗan ne. In za a ciro famfo don gyaran bawul, a canja kebul zuwa 16 mm², zubarwar ta koma kamar 9 V.

Malam Haruna, Makka

Ku biyun kuna da hujja. Abin da zai raba gardama takardar moton ce: Musa ya nemi iyakar bolt na ƙololuwa da masana'anta suka yarda da ita a bakin moto. In ƙasa da 1,000 V ce, maganar Injiniya Maryam za a bi.

Kowace aka sa, akwai sharuɗɗa. Matata a kusa da inbata take zama, ba a bakin rijiya ba. Matatar sayin tana da mafi ƙarancin mitar yanka (yawan bugun IGBT a daƙiƙa) da aka rubuta a jikinta, sau da yawa 4 ko 5 kHz, in ka sauka ƙasa da haka za ta yi zafi ta ƙone, don haka a kashe saitin da ke barin inbata ta rage mitar yanka da kanta in ta ji zafi. Kuma da ita a tsarin V/f, wato riƙe rabon bolt da Hz, ake aiki.

Sani, Ɗa'ifa

Malam, ba bekta ta fi ba? Naga ana cewa ta fi ƙarfi.

Malam Haruna, Makka

Ta fi inda ake buƙatarta. A tsarin bekta inbata tana raba amfiyar moto gida biyu a lissafi, mai yin maganaɗisu da mai yin murɗawa, ta riƙa sarrafa kowanne daban. Shi ya sa take ba da cikakken ƙarfi a 1 ko 2 Hz, abin da kuranga da bel mai ɗauke da kaya da injin niƙa ke so. Amma lissafin ya dogara da sanin juriyar kwayil da sauran halayen moto, waɗanda take aunawa lokacin gwajin sanin moto. In ka sa mata matata da kebul mita 170 a tsakani, abin da ta auna ba moto ba ne. Famfon da zai rayu tsakanin 44 da 48 Hz ba ya buƙatar wannan. V/f miƙaƙƙe, ƙarin bolt na tashi kashi 2 zuwa 3 saboda kebul, shi ke nan. Ban son lanƙwasasshen V/f na ajiyar wuta a samo, domin yana rage bolt a ƙasa daidai inda ake son moto ya fizga ya wuce 30 Hz, balle in yashi ya ɗan kwanta a farfela.

Alhaji Ɗanjuma, Madina

Musa, tunda za ka buɗe akwati, ga abubuwan da ke kashe inbata da masu gyaranta.

Bayan ka kashe bireka ka jira minti 10, ka auna tsakanin DC+ da DC− sai ka ga ƙasa da 50 V. Allo ya mutu ba ya nufin kafasito sun huce.

Kada ka buga mega, na'urar gwajin rufin waya, alhali kebul ɗin moto yana jikin bakunan fita U, V, W. Cire shi tukuna, ka auna kebul da moto su kaɗai a 500 V, ka rubuta abin da ka samu don kwatantawa nan gaba.

In tsohon akwatin sta-delta ne aka mayar, tabbatar babu kafasito ko kwantakta da ya rage tsakanin inbata da moto. Kafasito a bakin fita yana fasa IGBT nan take. Kwantakta kuma in ya buɗe ana cikin aiki haka. Fulot ɗin tanki ya shiga tashar umarni ta inbata. Kada a sa shi ya riƙa yanke wutar shiga, domin kowace kunnawa tana bi ta rasistar cajin farko, kuma wasu littattafan sun iyakance ta sau 5 a minti 10.

In kana shakkar lafiyar tsohuwar, sa mita a gwajin dayod. Baƙar waya a DC+, ja a R, S, T, U, V, W ɗaya bayan ɗaya. Sannan ja a DC−, baƙa a kansu. Duk su ba da kusan abu ɗaya, 0.3 zuwa 0.6 V. Wanda ya ba da sifiri ya fashe.

Sabuwar da za a saya kuma a duba ranar ƙera ta. In ta shekara biyu a sito, a ba ta wuta ba tare da moto ba na awa ɗaya ko biyu, ko yadda littafinta ya tsara, kafasito su farfaɗo. A kuma auna layin kafin saye. Tun 2010 aka yanke shawarar komawa 230/400 V a ƙasar nan, amma har yanzu akwai tsofaffin wurare masu 220 V tsakanin layi da layi, kuma inbatar 400 V ba za ta ko tashi a kansu ba. Naka ka riga ka auna, na faɗa ne don masu karatu.

Musa, Jumum

Na gode Baba. Ga inda aka tsaya yau. Na mayar da mitar moto 50, iyaka 44 zuwa 48 Hz, daƙiƙa 2 zuwa 30 Hz, jinkirin sake tashi minti 5. A 48 Hz allo yana nuna 28.5 A, ruwa yana hawa sosai. Gejin ya faɗi cikin daƙiƙa kaɗan bayan kashewa, bawul ɗin ce kamar yadda Malam ya ce. An yi rumfa, an bar ƙofar akwati a buɗe, yau ba ta yanke ba. Amma mitata tana nuna 440 V a bakin fita alhali allo na cewa 381. Wanne zan yarda da shi? Kuma kafin matata ta iso, in sauke mitar yanka zuwa 2 kHz?

Injiniya Bashir, Jidda

Yarda da allo. Mitarka tana haɗa bugun yanka cikin lissafi. Sai mai maɓallin tace mita ta sama ce ke karanta bakin fita daidai. Amfiya kuwa kilam mita tana karantawa da kyau, ka gwada layukan uku, bambancinsu kada ya wuce kashi 5.

Ƙofa a buɗe ta kwana biyu ce kawai, ƙura za ta cika ta.

Injiniya Maryam, Riyad

Sauke ta 2 kHz, zai rage wa inbata zafi, ya rage jimlar amfiyar da dogon kebul ke zuƙa saboda bugun. Amma tsayin bugun a bakin moto yana nan yadda yake, yawansa ne kawai ya ragu, don haka kada mai gona ya ga aiki na tafiya ya fasa sayen matata. Ranar da aka ɗaura ta a mayar da mitar yanka abin da ke rubuce a jikinta kafin a danna tashi.

Ka kuma saita kariyar ƙafewar rijiya tun yau. Tunda 28.5 A yake ci da ruwa, rufe bawul na 'yan daƙiƙu ka ga inda amfiya ta sauka, ka sa iyakar a ɗan sama da wannan, jinkiri daƙiƙa 10, sake gwadawa bayan minti 30. Ka yi gwajin a 44 Hz ma, domin a can amfiyar aiki da ta rashin ruwa sun fi kusa da juna, kuma iyakar da ta yi daidai a 48 za ta iya yanke maka famfo yana tsaka da ba da ruwa.